Labarin Tudun Kop na Filin Tamaula a Liverpool

A birnin Liverpool na ƙasar Ingila, can bakin bahar, akwai wani tsohon filin wasan tamaula ana ce da shi Anfield. Da fari ƙungiyar Everton ce ke wasa a ciki, tun 1884. A 1892 suka saɓa da mai filin, John Houlding, a kan kuɗin haya, suka kwashe kayansu suka tashi. Da ya ga an bar shi da fili ba 'yan wasa, sai ya kafa tasa ƙungiya, watau Liverpool.

A 1906 ƙungiyar nan ta zama zakarar Ingila karo na biyu, 'yan kallo suka yi wa filin yawa. Saboda haka aka tara ƙasa da tokar kwal bayan raga guda, aka yi tudu, aka yanka masa matakai. Wani ma'aikacin jarida, Ernest Edwards, ya raɗa masa suna Spion Kop, sunan wani dutse a Afirka ta Kudu inda sojan Ingila suka sha kashi a hannun Turawan Boer cikin watan Janairu 1900. Da yawa daga cikin waɗanda suka faɗi can mutanen jihar Lancashire ne, watau 'yan gida. A 1928 aka faɗaɗa tudun, aka yi masa rufi, har ya zama yana cin mutum wajen 28,000, duk a tsaye.

Nan ne wurin talakawa, domin kuɗin shigarsa ya fi araha. Leburorin tashar jirgin ruwa da ma'aikatan masana'antu su ne suka fi cika shi. Tsofaffin da suka tsaya a kansa sun ce mutum yakan yi sammako ya bi layi, sa'an nan ya kama gurbinsa na kullum, inda ubansa ya saba tsayawa. Yara kuwa da nasu keɓaɓɓen wuri a kusurwa, har su isa shiga cikin manya. In taro ya cika, ba mai ikon ɗaga hannu, balle ya fita kewayawa. In an jefa ƙwallo a raga, sai jama'a ta gangaro gaba ɗaya kamar ambaliya, ta kuma koma, mutum ya ga kansa nesa da inda ya fara tsayuwa, watakila ma ba takalmi ɗaya. Wanda ya suma, a ɗaga shi sama, a riƙa miƙa shi hannu da hannu bisa kawunan mutane har bakin fili. Da hunturu tururin jikinsu yakan tashi kamar hayaƙi.

Abin da ya ɗaukaka sunan tudun shi ne waƙa. Rufin nan yakan tara muryoyi ya watsa su cikin fili, har akan ce mutanen Kop na iya zuƙo ƙwallo zuwa raga da numfashinsu. Duk da haka suna da karamci, sukan tafa wa mai tsaron ragar baƙi in ya nufo su. A zamanin Bill Shankly, wanda ya riƙe ƙungiyar daga 1959 zuwa 1974, abin ya kai matuƙa. Dare biyu ba su fita bakin magoya baya: ran 4 ga watan Mayu 1965, da aka ci Inter Milan 3 da 1, aka zaga da kofin FA da suka ɗauko kwana uku kafin nan, da ran 16 ga watan Maris 1977, da David Fairclough ya ci Saint-Étienne ta Faransa ana gab da tashi.

To, amma kowane allazi da nasa amanu. Cunkoson da ake yi wa kirari shi ne ya jawo makoki. Ran 15 ga watan Afrilu 1989, a filin Hillsborough na birnin Sheffield, aka buɗe wata ƙofa, jama'a ta kwarara cikin shingayen da suka riga suka cika, aka matse mutanen Liverpool jikin ƙarfe. Waɗanda suka rasu ta dalilin wannan sun kai 97. Alƙali Taylor ya yi bincike, ya ce babban sanadi shi ne 'yan sanda sun kasa tafiyar da taron. A 1990 ya ba da shawara a sa kujeru a manyan filaye. Iyalan mamata suka yi ta neman hakkinsu har 2016, sa'ad da shari'a ta tabbatar an kashe mutanen nan ba bisa ƙa'ida ba, kuma 'yan kallo ba su da laifi.

Ran 30 ga watan Afrilu 1994 aka yi tsayuwar ƙarshe a kan tudun. Norwich City ta ci 1 da nema, amma mutane suka ƙi watsewa, suna ta waƙa bayan an tashi. Sa'an nan aka rushe shi, aka gina sabo mai kujeru 12,000 da 'yan kai, aka bar masa sunansa na da. A 2022 hukumar Ingila ta yarda a koma kallo a tsaye, bisa sharaɗin kowane mutum da gurbinsa da ƙarfen dafawa a gabansa. Tsofaffi suna kewar tudunsu har yanzu, amma ba wanda ya manta abin da ya sa aka rushe shi.