Illar Korona ga Mabiyiya da Haɗarin Rikita Ta da Zazzaɓin Sauro a Mai Wurno

Wannan maƙala raddi ce ga masu ganin cewa muddin ƙwayar cutar numfashi ba ta tsallaka zuwa ga ɗan tayi ba, to ciki ya kuɓuta, ra'ayin da ya yi rinjaye a farkon annobar korona, wadda aka tabbatar da shigarta Sudan a watan Maris na 2020, saboda an ga jariran da ake haifa da cutar ƙalilan ne. Abin da suka gani sahihi ne, ƙiyasin da suka gina a kansa ne ɓatacce.

Hanyarmu muƙabala ce tsakanin rahotannin da aka buga kan mabiyiyar masu korona da abin da ya tabbata game da ta masu zazzaɓin sauro.

Mafi ƙarfin hujja shi ne binciken David Schwartz da abokan aikinsa na 2022, waɗanda suka duba mabiyiya 68 na masu korona daga ƙasashe 12, wato 64 na jariran da aka haifa ba rai da 4 na waɗanda suka rasu jim kaɗan bayan haihuwa. Sun tarar da alamomi uku masu tafiya tare: fararen ƙwayoyin jini sun yi cincirindo a guraben da jinin uwa ke kewayawa, sinadarin daskarar da jini ya lulluɓe 'yan rassan da tayi ke zuƙar abinci da iska ta cikinsu, fatar rassan kuma ta mutu, har ɓarnar ta kai, a matsakaici, kashi 77 cikin 100 na mabiyiya. Da aka binciki gawawwakin wasu daga cikin jariran kuwa, alamar ƙarancin iska aka fi samu, ba ta'adin cutar a gaɓoɓinsu ba. Ashe jariri na iya halaka alhali ciwon bai taɓa huhunsa ba.

Wannan ya shafi Mai Wurno, garin da Muhammadu Bello, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, ya kafa a gaɓar Shuɗin Nilu a Sudan bayan yaƙin Burmi na 1903, domin a wannan yanki na madatsar Sinnar, wadda aka kammala a 1925, zazzaɓin mai juna biyu sauro ake fara tuhuma da shi. Zazzaɓin sauro ma yakan tara fararen ƙwayoyi a waɗannan guraben, sai dai yakan bar baƙin ɗigo wanda korona ba ta bari, kuma madubin likita kaɗai ke rarrabewa. Amma bisa al'adarmu, wadda ba ma aibatawa, ungozoma takan wanke mabiyiya a binne ta a ranar, sai shaidar ta tafi ƙasa ba a saurare ta ba.

Mai suka zai ce waɗannan 68 an zaɓo su ne bayan an yi rashi, don haka ba su nuna yawan aukuwar abin ba, kuma galibin masu ciki da suka kamu da korona sun sauka lafiya. Mun sallama. Sai dai hakan bai soke wajabcin a kai mabiyiya asibitin Sinnar ko na Wad Madani a duba ta ba, duk lokacin da aka haifi jariri ba rai bayan uwar ta yi tari da zazzaɓi.