Clarence Seedorf: Gwanin tsakiyar fili da aikin koci bai karɓa ba

A tarihin Gasar Zakarun Turai, sunan Clarence Seedorf ne ake fara ambata idan ana maganar lashe kofin da ƙungiyoyi uku daban-daban. Ya ɗaga shi sau huɗu: da Ajax a 1995, da Real Madrid a 1998, sannan da AC Milan a 2003 da 2007.

An haife shi ranar 1 ga Afrilun 1976 a Paramaribo, babban birnin Suriname, amma a Holan ya tashi. Yana da shekara 16 kacal Ajax ta fara sa shi a wasan manya a 1992. Masu bibiyar ƙwallo a Najeriya za su tuna wasan ƙarshe na 1995 a birnin Biyana, inda Ajax ta doke Milan da ci ɗaya mai ban haushi: Finidi George na cikin waɗanda suka fara wasan, kuma Nwankwo Kanu ne ya canji Seedorf bayan dawowa daga hutun rabin lokaci.

Daga nan ya yi kaka ɗaya a Sampdoria, ya wuce Madrid, ya dawo Italiya wajen Inter. Sai dai a Milan, inda ya shafe shekara goma daga 2002, aka ga cikakken Seedorf. Ƙarƙashin Carlo Ancelotti, tsakiyar filin ta kasu gida uku. Pirlo na rarraba ƙwallo daga baya, Gattuso na ƙwato ta, shi kuwa Seedorf ya haɗa aikin biyun: ƙaƙƙarfa ne da wuya a ture shi daga kan ƙwallo, yana bugawa da kowace ƙafa, ga dogon bugu daga nesa. Irin wannan ɗan wasa ba kasafai yake samun lambar yabo ta ƙashin kansa ba, amma da zarar babu shi sai a ga giɓin.

Wasa 87 ya buga wa Holan, ba tare da ya ci kofi ko ɗaya da ita ba. Fenaritin da ya ɓarar a karawarsu da Faransa a gasar Turai ta 1996 ya daɗe yana bin sa a gida.

Ya rataye takalmansa a Janairun 2014 yana Botafogo ta Burazil, domin karɓar aikin horar da Milan. Watanni biyar aka sallame shi. Zamansa a Shenzhen ta ƙasar Sin ma bai yi tsawo ba, Deportivo La Coruña kuma ta faɗi daga La Liga a hannunsa a 2018.

Dama mafi girma ta zo ne daga Afirka. A Agustan 2018 Kamaru, mai riƙe da kofin nahiyar, ta ɗauke shi tare da Patrick Kluivert a matsayin mataimaki. Ranar 6 ga Yulin 2019, a birnin Iskandariyya na Masar, Kamaru ta tafi hutu tana gaban Najeriya da ci biyu da ɗaya, amma aka tashi uku da biyu Najeriya na da nasara. Alex Iwobi ne ya ci ta ƙarshe, sauran biyun kuwa na Odion Ighalo ne, wanda daga baya ya koma ƙungiyar Al-Wehda ta birnin Makka. Kwanaki kaɗan bayan wasan aka kori Seedorf. A gaskiya bai samu isasshen lokaci a ko'ina ba, sai dai kuma babu inda ya bar wani salon wasa da za a ce nasa ne.

A Maris ɗin 2022 ya sanar a shafinsa na Instagram cewa ya karɓi addinin Musulunci. Ya gode wa matarsa bisa fahimtar da shi addinin da ta yi, ya kuma ce zai ci gaba da amsa sunan da iyayensa suka raɗa masa.