Baubawa Da Mugunta: Asalin Wata Kalmar Turanci

Jama'a, akwai wata kalma da Turawan Ingila ke kira barbarity. Ma'anarta muguntar da ba ta da dalili, watau abin da mu ke ce wa rashin imani. Amma da muka bi salsalarta sai muka tarar da farko ba ruwanta da mugunta.

Tushenta daga Yunanawa ne. Duk wanda ba ya jin harshensu sai su kira shi barbaros, don a kunnensu maganarsa ba ta wuce "bar-bar" ba. Mu ma haka mu ke ce wa wanda Hausa ba ta zauna a bakinsa ba baubawa. Bayan da Farisawa suka kawo musu yaƙi a shekara ta 490 da ta 480 kafin haihuwar Annabi Isa, sai sunan ya ɗauki raini da ƙiyayya. Rumawa suka ara, daga Latin kuma ya gangaro cikin Turanci. A hankali baƙon harshe ya zama bagidaje, bagidaje ya zama mugu.

To, ashe kalmar tana ɗauke da wani zargi a ɓoye, cewa mugunta halin baƙi ne. Ko tarihi ya yarda? Mu da ke Limawa ba sai mun yi nisa ba. Gaskiya ne Ningawa sun sha kawo hari ƙasar Dutse, suna kwasar mutane. Amma a basasar Kano, daga 1893 zuwa 1895, da Yusufawa suka yi sansani a Takai, nan yamma da mu, da Tukurawa da ke birni, harshensu ɗaya, alƙiblarsu ɗaya, har kakansu ɗaya, Sarki Ibrahim Dabo. Duk da haka aka ƙone garuruwa, aka sayar da 'ya'ya kamar bayi.

Su masu kalmar kuma fa? A 1906 sojan Ingila suka auka wa Satiru, kusa da Sakkwato, suka karkashe mutanenta, aka rushe garin. Harshensu bai hana su ba.

Saboda haka mu yi hattara. Ranar da muka fara auna mutum da lafazinsa, ran nan muka kama hanyar da Yunanawa suka bi. Mugunta ba ta da ƙabila. A zuciya ta ke tsira. Allah Ya kiyashe mu, amin.