SSH: ma'anar gargaɗin canjin makullin uwar garke

SSH hanya ce ta shiga wata kwamfuta daga nesa cikin sirri. Tatu Ylönen ne ya ƙirƙiro ta a Finland a 1995. Da ita ɗalibi ko ma'aikaci a Sabon Gari, Tibiri ko Jiratawa zai iya aiki a kan uwar garke, wato babbar kwamfutar da mutane da dama ke tarayya a kanta, ko tana Yamai ko Faransa.

Kowace uwar garke tana da makullin shaidarta. A shigar farko, kwamfutar mutum takan adana shi cikin fayil mai suna known_hosts. Idan wata rana makullin ya bambanta, sai SSH ta hana shiga, ta rubuta "Host key verification failed".

Sau da yawa dalilin ba mai tayar da hankali ba ne: an sake girka uwar garken, ko an ba wata na'ura adireshinta. GitHub ma ya canza makullinsa na RSA ranar 24 ga Maris 2023, bayan na sirrin ya fita fili na ɗan lokaci. Amma yana yiwuwa ɓarawo ne ya shiga tsakani don satar kalmar sirri.

Don haka kada a yi gaggawar share tsohon makullin. A fara kiran mai kula da uwar garken ta waya, a kwatanta tambarin sabon makullin da nasa. In sun dace, a goge tsohon da umarnin ssh-keygen -R, sannan a karɓi sabon.