Laifi da Hukunci a Arewacin Zamfara

Tarihin laifi, wato binciken abin da al'umma ta ɗauka ɓarna ce a wani zamani da irin hukuncin da ta tanadar mata, reshe ne na tarihin zamantakewa wanda ya bunƙasa a Ingila tun daga shekarun 1960, lokacin da masana irin su Eric Hobsbawm da E. P. Thompson suka karkata daga labarin sarakuna zuwa rayuwar talakawa. Dalilinsu kuwa shi ne talaka ba kasafai yake barin rubutu a bayansa ba, kuma sau da yawa sunansa ba ya shiga takarda sai ranar da aka gurfanar da shi gaban alƙali. Daga 2003 aka fara saka bayanan shari'o'in kotun Old Bailey ta Landan a intanet, na tsakanin 1674 da 1913, domin kowa ya karanta kyauta. Arewacin Zamfara, ƙasar da ta haɗa Kaura Namoda da Shinkafi da Zurmi da garuruwa irin su Dauran, tana da nata tarihin na laifi da hukunci, sai dai har yanzu bai isa kunnen mutanen da ya shafa ba.

A ƙarni na 19 wannan yanki bakin daga ne, domin bayan faɗuwar Alkalawa a 1808, yaƙin da jarumi Namoda ya yi suna a cikinsa, Gobirawan Tsibiri da Katsinawan Maraɗi sun ci gaba da kawo hari, har ya zama da wuya a rarrabe yaƙi da fashi. Baturen nan matafiyi Hugh Clapperton, wanda ya ratsa ta Zurmi a 1824, ya rubuta cewa an san mutanen garin da sata, ya kuma ƙara da cewa bayin da suka tsere a can suke samun mafaka. Wajibi ne a karanta waɗannan maganganu biyu tare, saboda a idon ubangijin bawa duk wanda ya ɓoye masa bawa ɓarawo ne, kuma daga bakin irin waɗannan masu dukiya baƙo yake jin labarin gari. Abin da aka rubuta a matsayin mugun suna yana iya zama shaidar cewa Zurmi ta buɗe ƙofa ga wanda ba shi da gata.

Da Turawan Ingila suka ci Sakkwato a watan Maris na 1903, ba su rushe kotunan alƙalai ba, sun bar su suna hukunci da fiƙihun Malikiyya, amma sun hana yanke hannu, sun ɗora sharaɗin amincewar Gwamna kafin a zartar da kisa, sannan suka wajabta rubuta ƙararraki a rajista wadda Razdan ko Di'o ke dubawa. Dogarai, daga baya kuma 'yan doka, da gidan yari, duk suna ƙarƙashin En'e, wato hukumar gargajiya ta sarki da hakimansa. Babban sauyin ya zo ne ta wajen ma'anar laifin kanta. Sanarwar 1901 ta haramta cinikin bayi, ta kuma 'yanta duk ɗan da aka haifa bayan ƙarshen Maris na shekarar, ko da yake bautar ba a soke ta baki ɗaya ba sai 1936, saboda haka abin da jiya yake halattaccen ciniki ya koma laifi. A ɗaya ɓangaren kuma, manomin da ya gudu daga haraji, da makiyayin da ya ɓoye shanu ranar ƙidayar jangali, da falken da ya bi tsohuwar hanyar kakanninsa zuwa Maraɗi bayan yarjejeniyoyin 1904 da 1906 sun ja iyaka tsakanin Ingila da Faransa, duk sun zama masu laifi ba tare da sun sauya hali ba. Isowar jirgin ƙasa Kaura Namoda a 1929 ta ƙara kawo kuɗin gyaɗa da auduga da baƙin fuska.

Dokar Final Kod ta 1960 ta karɓe hukuncin laifuka daga littattafan fiƙihu, aka kuma mayar da shi ga fiƙihu a Zamfara a watan Janairu na 2000, inda hukuncin yanke hannu na farko ya faɗa kan satar saniya.

Masana na gida sun taɓa wannan fage. Garba Nadama ya rubuta kundin digirinsa na uku kan tarihin siyasa da zamantakewar Zamfara a Jami'ar Ahmadu Bello a 1977, shi kuma Murtala Ahmed Rufa'i na Jami'ar Usmanu Danfodiyo ya gabatar da lacca a 2021 kan 'yan bindigar dajin Zamfara, bayan shekaru yana tattaunawa da su da kuma waɗanda suka cutar. Sai dai duka ayyukan da Turanci suke, haka ma fayilolin Lardin Sakkwato da ke ajiye a gidan adana takardun tarihi na ƙasa a Kaduna, alhali manomin Dauran da aka kore wa shanu, ko matar da aka biya kuɗin fansar ɗanta, su suka fi kowa haƙƙin sanin yadda aka yi da irin wannan masifa a da, da inda hukuma ta yi daidai da inda ta zalunci mutane. Aikin da ya rage shi ne fassara waɗannan takardu zuwa Hausa, a karanta su a gidajen rediyo, a kuma gwada su da abin da dattawa suka riƙe a ka, domin rajista muryar mai mulki ce kawai. Lokaci kuwa yana ƙurewa, domin gwamnatocin jihohi sun karɓe kotunan En'e a 1968, wanda ke nufin duk mutumin da ya tsaya gaban alƙalin En'e yana magidanci a yau ya haura shekara 75.