Ilmin Radiyeshan a Ƙasar Dutsin-Ma da Kurfi

Tsoron radiyeshan ya riga ilminsa isowa arewacin Nijeriya. Ranar 13 ga Fabrairun 1960 Faransa ta tayar da bam ɗinta na nukiliya na farko a Reggane, cikin Saharar Aljeriya. Hunturu ake ciki, kuma iskar da ke lulluɓe garuruwa irin su Kurfi da Dutsin-Ma da hazo daga hamada take busowa, sai aka shiga fargabar ƙurar bam ɗin za ta biyo ta. Da Faransa ta ƙi daina gwajin bam ɗin, Nijeriya ta kori jakadanta a Janairun 1961. A 1964 aka kafa sashen sa ido kan radiyeshan a Jami'ar Ibadan.

Daga nan tafiyar ta yi nawa. An kafa hukumar makamashin nukiliya ta ƙasa a 1976, hukumar NNRA mai kula da kariya daga radiyeshan kuwa sai 2001 ta fara aiki, shekara shida bayan an yi dokarta. A 2004 aka kunna ƙaramar tukunyar nukiliya ta bincike a Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya.

Kafa Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma a 2011 ne ya kawo karatun gida, kuma ya karkata hankali daga sama zuwa ƙarƙashin ƙafa, inda da ma ya kamata a fara dubawa. Ƙasar Dutsin-Ma da Kurfi a kan tsohon dutse take zaune, irin falalen da ke leƙowa a tsakiyar gonaki. Dutsen giranet yana ɗauke da ɗan yuraniyam, wanda a hankali yake rikiɗewa ya haifi iskar radon mai fitar da radiyeshan, marar launi, marar wari. Ita ce ke narkewa cikin ruwan rijiya da na burtsatse, shi ya sa masanan fiziks na jami'ar suka shiga auna ruwan garin Dutsin-Ma.

Shaƙar radon ta fi shan sa haɗari. Bayan taba sigari, shi ne kan gaba wajen jawo sankarar huhu. Sai dai ba ya daɗewa. Kafin kwana 4 rabinsa ya lalace, don haka ruwan da ya kwana biyu a randa ya fi wanda aka ɗebo yanzu ƙarancinsa, juye shi daga bokiti zuwa tulu ma yana korar wani kaso. Inda yake taruwa shi ne ɗakin da ƙasansa ya tsattsage kuma ake barin tagoginsa a rufe, musamman a watannin sanyi.