Lambunan Bad Homburg: Fada, Ruwan Magani da Kuɗin Caca

Bad Homburg gari ne a jihar Hessen ta ƙasar Jamus, a gindin tsaunukan Taunus, arewa kaɗan da birnin Frankfurt. Manyan lambuna biyu ne suka yi masa suna, wato lambun fada da kuma gandun shan iska da ke kewaye da maɓuɓɓugan ruwan magani. Tafiyar ƙafa ce ba mai nisa ba tsakaninsu, amma kowanne da zamaninsa da kuma aljihun da ya gina shi.

Daga 1622 zuwa 1866 garin shi ne hedikwatar wata 'yar ƙaramar masarauta mai suna Hessen-Homburg, wadda ba ta da faɗin ƙasa balle arziki. Sarki Friedrich na Biyu, wanda ya rasa ƙafa ɗaya a yaƙin Kofanhegan a 1659, shi ya rushe tsohuwar ganuwar gidan sarauta wajen 1680 ya gina fadar da ake gani yanzu. Abu ɗaya ya bari a tsaye: Farar Hasumiya ta ƙarni na 14, mai tsawon mita 48, wadda har gobe ita ce tambarin garin. Lambun wancan lokacin irin na ƙa'ida ne, hanyoyi miƙaƙƙu, shuke-shuke a jere an daidaita musu kai, ga ɗakin da ake killace itatuwan lemo idan sanyin hunturu ya sauko.

A zamanin Friedrich na Biyar da matarsa Karoline aka fara sassauta wannan tsari. Wajen 1770 aka shata wata doguwar hanya mai bishiyoyi dama da hagu, wadda ta tashi daga fada ta nufi dajin Taunus, daga baya aka yanka wa 'ya'yan sarki lambuna a gefenta. Sai dai wadda ta fi kowa barin alama ita ce Elizabeth, 'yar Sarki George na Uku na Ingila, da ta auri magajin gidan a 1818. Ta zo da dukiyar da masarautar ba ta taɓa ganin irinta ba, ta gyara fada, ta kuma ƙarfafa salon lambu na ƙasarsu, inda ake barin hanya ta yi lanƙwasa, tafki da ciyawa da inuwa su zama kamar haka Allah ya halicce su. A gaban fadar akwai itatuwan al'ul na Lebanon da aka kawo daga lambun Kew na Landan aka dasa wajen 1820. Babban cikinsu ya baje rassa ƙasa-ƙasa, kusan su taɓa ciyawa, kuma duk mai ziyara sai ya tsaya a ƙarƙashinsa. Elizabeth ta cancanci yabo fiye da wanda akan yi mata, domin ita ta mai da bayan gidan wani ƙaramin sarki wurin da ake tahowa kallo.

Ruwan da ke ɓuɓɓugowa a gabashin garin kuwa, da can gishiri ake dafawa da shi. A 1834 aka sake gano wata maɓuɓɓuga aka sa mata sunan Elizabeth, masanin sinadarai Justus von Liebig ya auna ruwan ya yaba da shi, aka riƙa ba masu ciwon ciki da na hanji. Ruwa kaɗai bai isa ya jawo manyan baƙi ba. Abin da ya jawo su shi ne gidan caca da wasu tagwaye 'yan Faransa, François da Louis Blanc, suka buɗe a 1841. Ba abin alfahari ba ne, don mutane da yawa sun tsiyace a teburinsa, har da marubucin Rasha Dostoevsky, amma tarihi ba ya ɓoye cewa da ribar cacar aka ƙawata garin. Daga 1854 Peter Joseph Lenné, babban mai tsara lambunan sarkin Furushiya, ya zana gandun shan iska mai faɗin fiye da hekta 40. Ya tsara shi ne don masu jinya: mutum ya sha kofi ɗaya na ruwan mai ɗanɗanon gishiri da ƙarfe da sassafe, ya taka a hankali ƙarƙashin bishiyoyi zuwa maɓuɓɓuga ta gaba, kiɗa yana tashi a gefe.

A 1866 sarki na ƙarshe ya rasu ba magaji, kafin shekarar ta ƙare garin ya faɗa hannun Furushiya, wadda ta rufe gidan cacar a 1872. François Blanc ya riga ya karɓi ragamar gidan cacar Monte Carlo tun 1863. Garin bai durƙushe ba, saboda gidan sarautar Jamus ya ɗauke shi wurin hutun bazara, musamman Sarki Wilhelm na Biyu. An kammala babban gidan wanka na Kaiser-Wilhelms-Bad a 1890. Yariman Wales, wanda ya zama Sarki Edward na Bakwai, ya riƙa zuwa a kai a kai, kuma ta dalilinsa malafar nan da ake kira Homburg ta bazu a duniya. Baƙi 'yan Ingila ne suka kawo wasan tanis da na golf cikin gandun.

Sarakunan nesa ma sun bar nasu. A 1896 aka aza harsashin wata 'yar majami'ar Rasha mai kubba ruwan zinariya a gaban Sarkin Rasha Nicholas na Biyu, aka buɗe ta a 1899. Sarki Chulalongkorn na Siyam, wato Tailan ta yau, ya zo jinya a 1907, ya ji daɗin ruwan, ya aiko da kyautar rumfa mai rufin ado irin ta ƙasarsa, wadda aka ƙaddamar a 1914. Shekara ɗari bayan zuwansa, a 2007, Tailan ta ƙara ba da ta biyu.

Kalmar Bad, wadda ake laƙaba wa garuruwan ruwan magani, ta shiga sunan garin a 1912. Sarauta ta ƙare a Jamus a 1918, gidan caca ya sake buɗewa a 1949, fadar ta koma gidan tarihi a hannun hukumar fadoji da lambuna ta jihar Hessen. Lambun fada da gandun duka a buɗe suke ga kowa, ba a biyan kuɗin shiga.